Kwana Goma Sha Takwas da Na Ɓoye a Jadawali

Da mahaifiyata ta san ainihin aikin da nake yi a Riyad, da ta sa an yi mini rubutu na sha. Ni dai na ce mata aikin kwamfuta nake yi, ita kuma ta gaya wa maƙwabta injiniya ne ni, kowa ya huta. Gaskiyar magana ba na rubuta manhaja. Masu rubutawa su huɗu ne, suna zaune a bayana kunnuwa a toshe daga safe har la'asar. Nawa aikin shi ne in tsara wa kowa abin da zai yi da ranar da zai gama, sannan duk Lahadi da safe in tsaya gaban mutane in jero musu masifun da za su iya afka wa aikin. A gidanmu, in ka kuskura ka ce in motar ta lalace a hanya fa, kafin ka rufe baki an ce bakinka ya sari ɗanyen kashi. Ga ni nan yau, mugun fata ya zama sana'ata, har da takarda ta musamman.

Takardar muna kiranta rijistar haɗari. Kowane layi abu ɗaya ne da ake tsoro: mene ne shi, yaya yiwuwar faruwarsa, in ya faru me zai ɓata, wa zai tare shi. A ƙarshen layin akwai launi. Kore na nufin a kwantar da hankali, rawaya a sa ido, ja kuwa sai an tashi tsaye. Ina alfahari da wannan takarda, ba zan ɓoye ba. Na taɓa yin faɗa da mai rubuta manhaja har muka yi mako ba ma gaisawa saboda ya san wani abu zai makara bai faɗa ba. Ina da zuciya, kowa ya sani, kuma a lokacin ina ganin zuciyar ado ce.

Kamfanin da nake wa aiki ruwan sha yake rarrabawa, katan-katan da manyan robobi, zuwa shaguna da gidaje da masallatai. Ofishinmu yana Suwaidi, sito da motocin kuma suna kudu, bakin Manfuha. An ɗauke ni ne don a gina manhajar da za ta riƙa raba wa direbobi hanya kowace safiya. Kafin mu, mutum ɗaya ne yake wannan rabon, da littafi da biro da wayoyi biyu. Dattijo ne ɗan Damagaram, ya fi shekara ashirin a wurin, kowa Baba yake ce masa har mudir, shugaban kamfanin. Direbobin yawancinsu 'yan Maraɗi ne da Damagaram, da dama shi ya yi musu hanya suka zo. Duk abin da manhajar za ta sani, daga kansa za a ɗebo shi. A jadawalina akwai jerin ayyukan da in ɗaya ya makara komai ya makara, kuma Baba yana zaune a tsakiyar jerin nan daram.

Shi ne mutum na farko da ya yi mini Hausa a garin nan. Ranar da na fara zuwa sito ina fama da Larabcina na Islamiyya, ya bar ni na gama wahala tas, sannan ya ce, "To muhandis, babban injiniya, in ka gama wa'azin, zo ka sha shayi." Tun daga ranar duk Juma'a a ɗakinsu na Manfuha nake cin tuwo, ɗaki ɗaya mutum shida, katifu a jingine da bango. Lokacin da matata ta zo, shi ya samo mana gida a Nasiriyya. Ya zama mini uba ba tare da an yi shawara da ni ba.

A wata na huɗu na aikin na sa mana zama da shi ranar Litinin da safe. Bai zo ba. Na mayar Laraba, bai zo ba. Litinin ta zagayo, shiru. Duk direban da na tambaya amsa ɗaya ce, kamar an raba musu a takarda: ya fita zagayen kwastomomi. Raina ya ɓaci. Na shiga mota na nufi sito ina shirya maganganun da zan faɗa masa cikin ladabi amma su yi zafi. Na same shi wajen famfo yana alwalar azahar, ya naɗe hannun riga. Ban taɓa ganin hannun nan a buɗe ba. Jijiya ce ta kumbura tun daga gwiwar hannu, ta yi tudu-tudu, an manna auduga a wuri biyu. Ya ga na gani. Bai yi saurin rufewa ba, ya ƙarasa alwalarsa.

Bayan sallah ya ja ni bayan wata mota da aka ajiye, inda babu kowa.

"Ƙoda ce," ya ce. "Wata bakwai ke nan ana wanke mini. Asabar, Litinin, Laraba. In na fito daga asuba sai likita, kafin azahar ina nan."

"Baba, mudir ya sani?"

"Da ya sani da ka same ni a nan?" Ya saki hannun rigar. "Inshorar aiki ce take biya. Iƙamata ta zama a ƙasar nan kuma bayan ƙaramar Sallah za ta ƙare. In suka sabunta, na samu shekara guda. In ba su sabunta ba, sai gida, kuma ka san gida. Yaran nan duk sun sani, sun rufa mini asiri. Kai ma yanzu ka shiga cikinsu, ɗana."

Bai roƙe ni ba. Bai ce in rantse ba. Ya dai faɗa kamar yadda ake gaya wa mutum an shigar da shi sahu, sai ya daidaita ƙafa. Na ce Allah ya ba da lafiya, na koma mota na zauna na ɗan lokaci ban tayar ba. Tsoro ne ya kama ni, iri biyu. Ina tsoron abin da zai same shi, kuma ina tsoron Lahadi.

Don kuwa duk wanda ya yi mako ɗaya a sana'ata ya san abin da ya kamata in yi. Mutum ɗaya ne ya san aikin, ba shi da lafiya, yana ɓacewa safiya biyu a mako, ana iya kwantar da shi kowane lokaci. Wannan layi ne ja, jan da ya fi duk wanda na taɓa rubutawa. Ranar Alhamis na buɗe rijistar, na sa sabon layi, na ɗora yatsu. Sai na ga fuskarsa a kan allon majigi, mudir yana karantawa. Na kuma ji wani abu da ban zata yana nan a jikina ba bayan duk karatun nan: in na rubuta cewa Baba zai iya kwanciya, kamar ni na kira masa kwanciyar. Na goge layin. Ranar Lahadi na tsaya na karanto haɗari goma sha ɗaya, har da yiwuwar katsewar intanet a sito.

Amma ban iya zama haka kawai ba, sai na yi dabara, kuma a lokacin na ji daɗin kaina ƙwarai. In aka bi lissafi na gaskiya, za mu gama gwajin manhajar da Baba a tsakiyar Sha'aban, mu ƙaddamar kafin azumi. Daga ranar kuwa kamfani ba ya bukatar littafinsa. Sai na bi jadawalin layi-layi ina cusa kwanaki. Aikin kwana biyu na ba shi uku, na huɗu na ba shi shida, nan ɗaya can biyu, yadda mai awo yake ɗan danna mudu ba a gani. Duka suka tashi kwana goma sha takwas. Sha takwas ɗin nan sun isa su tura gwajin cikin Ramadan, lokacin da awannin aiki suke raguwa, kuma babu mai hankalin da zai sauya tsarin rabon ruwa ana tsakar azumi, masallatai na jira. Ke nan ƙaddamarwa sai bayan Sallah da makonni. Ranar da za a zauna kan iƙamar Baba, kamfani zai ga ba shi da yadda zai yi sai da shi.

Mako shida abin yana tafiya. Na daina sa zama Litinin da Laraba. Direbobi suka fara yi mini wata irin gaisuwa mai nauyi, wani ya kawo mini kilishi daga Maraɗi bai ce na mene ne ba. Ni kuwa duk Lahadi a tsorace nake. Mudir ɗinmu ɗan ƙasa ne, bai girme ni sosai ba, mutum mai sanyin murya. Bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, shi yake zuba wa mutane gahawa da hannunsa. Abin da ya sa nake shakkarsa shi ne yana karanta takarda. Yawancin manya launi kawai suke dubawa, shi kuwa sai ya sa yatsa ya bi layi. Sau biyu ya tsaya a kan ranar ƙaddamarwa ya ce, "Bayan Idi, ya muhandis? Ramadan ne kasuwarmu." Na kawo bayani, ya gyaɗa kai ya wuce. Gyaɗa kan nan bai taɓa kwantar mini da hankali ba.

A farkon Rajab na lura yana kiran masu rubuta manhaja ofishinsa ɗaya bayan ɗaya, kowa minti goma. Suna fitowa ba sa kallona. Na tambayi ɗaya me aka ce, ya ce ba komai, tambayarsa kawai aka yi kwana nawa aiki kaza zai ɗauke shi. Ya faɗi gaskiya, me zai faɗa? Ni na koya musu faɗin gaskiya da masifa.

Lahadin da ta biyo, muna zaune mu bakwai, har da mai kula da ma'aikata wanda bai saba zuwa taronmu ba. Kafin in buɗe rijista mudir ya ce a sa jadawali a allo. Ya fito da takarda ɗaya daga aljihu ya shimfiɗa.

"Wannan aikin, mai yinsa ya ce kwana biyu. Ka rubuta uku."

Na ce akwai dubawa bayan an gama.

"Tayyib. Wannan kuma huɗu, ka rubuta shida."

Haka ya bi su, ba gaggawa, yana ƙirgawa da murya kamar mai koya wa yara. Da ya kai sha takwas ya ajiye biro. Ko ɗaya bai tsallake ba.

"Ya muhandis," ya ce yana murmushi, "ko dai ba ka iya ƙirga ba, ko kuma ka iya fiye da kima. In na farko ne, ma fi mushkila, ba matsala, sai mu kawo wanda zai riƙa duba maka lissafi. In na biyu ne, ina so in san hutun wa nake biya wa, naka ko na 'yan'uwanka na sito."

Wani ya yi 'yar dariya. Ban san ko wane ne ba, har yau ina so in sani. Abin da na sani shi ne wani zafi ya taso mini daga ƙirji ya rufe mini ido. A kira ni maras iya lissafi a gaban yaran da nake wa faɗa, a kuma kira mutanen da suke ɗaukar katan tun asuba 'yan hutu. Na ji muryata tana fita kafin in ba ta izini.

"Hutu? Mutumin da kuke taƙama da shi sau uku a mako ake wanke masa ƙoda, ya taso daga kan inji ya zo ya raba muku motoci! Wannan ne hutun!"

Ina rufe baki na san me na yi. Direbobi kusan arba'in, waɗanda wasunsu ko sunansu ba sa iya rubutawa da boko, sun riƙe maganar nan wata tara ba ta zuba ba. Ni mai digiri biyu mako shida kawai na iya, kuma ba dukana aka yi ba, dariya aka yi mini.

Mudir bai nuna mamaki ba. Murmushin ne kawai ya tafi. Ya ce, "La haula. Allah ya ba shi lafiya." Ya dubi mai kula da ma'aikata, wancan ya rubuta wani abu. Sannan ya juyo gare ni. "Me ya sa ba ya cikin rijista?"

Ya nuna mini kwamfutar da yatsa.

"Buɗe ta. Rubuta yanzu."

Na rubuta a gaban kowa, haruffan suna fitowa manya a bango. Yiwuwar faruwa: babba. Ɓarna: babba. Launi ya koma ja da kansa, haka na tsara takardar. Da na zo gurbin matakin da za a ɗauka na tsaya, sai mudir ya yi mini shifta a hankali: a kwashe duk abin da ma'aikacin ya sani a shigar da shi manhaja cikin kwana goma sha biyar, a ƙaddamar kafin Ramadan. Gurbin ƙarshe na wanda zai ɗauki nauyin aikin ne. Na rubuta sunana.

Ban jira la'asar ba na tafi sito. Ina so ya ji daga bakina. Na same shi a kan kujerarsa ta roba, waya ɗaya a kunne ɗaya a cinya, yana gaya wa wani direba ya bar babban titi ya bi ta bayan kasuwa. Da ya gama na durƙusa a gabansa, abin da ban taɓa yi wa kowa ba a ƙasar nan, na faɗa masa komai. Ban rage ba, har dariyar da zuciyar. Ya daɗe yana kallon littafinsa.

"Ka ci abinci?" ya ce.

"Baba, ka ji abin da na ce?"

"Na ji. Tashi, kayanka za su yi datti." Ya rufe littafin. "Da ma kwanakin nan da ka ƙara, na san ba za su kai ba. Mutumin nan yana da ido. Na yi shiru ne don na ga kana jin daɗi."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Kafin magariba labari ya gama sito. Babu wanda ya ce mini uffan. Sallama dai ana amsa mini, don wajibi ce, daga nan kowa sai ya tuna yana da taya da zai duba. Juma'ar nan ban je Manfuha ba. Baba ya kira ya ce tuwo ya huce, na ce kaina ke ciwo, ya ce to.

Muka fara zaman kwana goma sha biyar. Ni ne na tsara su, kuma na tsara su da kyau, don ban iya tsara abu da muni ba ko da ina so. Kullum bayan azahar zan zo da kwamfuta mu zauna a ƙaramin ofishin sito, yana faɗa ina shigarwa. Lungun Manfuha da babbar mota ba ta iya juyawa sai ƙarama. Masallacin da ladaninsa kaɗai ke da makullin ɗakin ajiya, kuma ba a samunsa sai bayan la'asar. Mai shago a Suwaidi da in ya ce hamsin talatin yake nufi, in ka kai hamsin za ka dawo da ashirin. Tsohuwar Nasiriyya da ba a yi mata hon, sai an sauka an ƙwanƙwasa. Sa'o'in da ba a barin manyan motoci su shiga wasu tituna, da hanyar da ake bi in an makara. Direbobi biyu da ba a haɗa su unguwa ɗaya saboda wata tsohuwar rigima tun daga gida. Ranar Litinin da Laraba yakan zo fuska a faɗe, murya can ƙasa, yana magana yana lumshe ido. Duk abin da ya faɗa na danna ya shiga, na san na rage masa dalilin zama a kujerar nan.

A rana ta tara na kasa daurewa. Na tura ƙofa na rage murya.

"Baba, ba dole ne ka faɗi duka ba. Ka riƙe wasu. In aka ƙaddamar abu ya riƙa cijewa nan da can, dole su neme ka. Ni zan ce manhajar ce ba ta nuna ba."

Ya buɗe ido sosai ya dube ni, irin kallon da ban taɓa samu daga gare shi ba.

"A cikin azumi? Mutane su kai magariba a masallaci ba ruwa don ni in samu iƙama?" Ya girgiza kai. "Kai dai ba ka gajiya da dabara. Ta farko ina ta kai mu? Buɗe abinka mu ci gaba. Akwai wani masallaci bayan gadar nan, ƙofarsa ta baya ake bi."

Kunya ta rufe ni, na buɗe na ci gaba da rubutu.

Mun ƙaddamar saura kwana uku azumi. Ina ta addu'a a ɓoye abin ya watse, Allah ya yafe mini. Bai watse ba. Motoci suka fita a kan lokaci, suka dawo da wuri fiye da da. Ranar farko wayoyin Baba sun yi ƙara sau da yawa, rana ta biyar kaɗan, a mako na biyu yana zaune da su a cinya suna kwance kamar an cire musu batir. Yakan zo duk da haka, ya zauna a kujerarsa, direbobi su zo su gaishe shi kafin su duba wayoyinsu su ga inda aka tura su. A taron Lahadi mudir ya yaba mini a gaban kowa, ya ce haka ake tare haɗari. Ya ce in mayar da layin kore, na mayar.

Ran sha bakwai ga azumi aka ba Baba takarda. Ba za a sabunta ba, gurbin ya daina wanzuwa, za a yi masa bizar fita ta ƙarshe bayan Sallah. Na shiga ofishin mudir ba tare da na ƙwanƙwasa ba. Wannan karon ban yi ihu ba, roƙo na yi. Na ce a ba shi gadi, a ba shi ƙirgar katan, ko me. Ya saurare ni har ƙarshe.

"Na duba," ya ce. "Wallahi na duba. An rufe guraben bana tun watan jiya. Da ka rubuta layin nan ranar da ka sani, da muna da wata uku mu nema masa wuri a hankali, a matsayin mutumin da muke bukata. Ka ɓoye shi har ya zama matsala, sannan ka jefo mini shi a gaban mai kula da ma'aikata."

Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ba. Wata rana ina cewa ƙarya ce, da na rubuta da tun a lokacin za su sallame shi. Wata rana kuma ina tuna yadda ya ce wallahi, sai abinci ya fita raina. Na fi son ya zama ƙarya.

Ana saura kwana huɗu ya tafi na je Manfuha da hantsi. 'Yan ɗakin duk sun fita aiki. Ya ɗaure kayansa, akwati biyu da buhu ɗaya, yana zaune a kan katifa ƙafafunsa sun ɗan kumbura. Muka gaisa, ya tambayi matata. Sannan ya jawo wata takarda da biro ya miƙo mini.

"Kai ne mai tsara kwanaki. Tsara mini nawa, kaina ba ya riƙewa yanzu."

Na karɓa. Ya riƙa faɗa ina rubutawa. Wankin ƙarshe a nan ranar Laraba da safe. Jirgi Alhamis, a sauka a wata ƙasa a kwana, Yamai ranar Juma'a. Motar Damagaram Asabar da asuba, tafiyar yini guda ce har da ɗoriya in hanya ta yi kyau. Lahadi ya huta. Ɗansa ya kai takardunsa likita, wato asibiti, tun tuni, an ce ya zo da shi Litinin a gani ko akwai inji.

"Nawa ke nan?"

"Daga Laraba zuwa Litinin, kwana biyar, Baba. In komai ya tafi daidai."

"Lokotoron da ke duba ni ya ce kada in wuce uku."

Na sake bin takardar daga sama zuwa ƙasa ina neman inda zan matse. Na tambaya ko za a iya yi masa a Yamai, ya ce an tambaya, sai wanda yake da suna a layi. Na tambaya ko a ɗage jirgin, ya ce inshorar ranar Alhamis take mutuwa, ɗagewa ba ta ƙara masa komai. Shekara goma ina wannan aiki, ban taɓa riƙe jadawalin da babu ko rabin yini na rara a cikinsa ba sai ranar.

"To in ba a samu injin ran Litinin ba fa?" ya ce. Shi da kansa ya faɗa, a fili, yana kallona.

Ya karɓi takardar ya ninke ta ya sa a aljihun gaba.

"Ba komai. Rubutunka yana da kyau, ɗana. Tashi ka koma aiki kada a neme ka."

Ya isa Damagaram daren Asabar, ɗansa ya turo mini saƙo. Ranar Litinin suka je, aka ce injinan a cike suke, an ba shi Asabar mai zuwa. Na kira ranar Talata muka yi magana kaɗan, numfashinsa yana yanke masa kalma, ya tambaye ni ko an kai wa masallacin bayan gada ruwansu. Na ce an kai. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yi masa sallah.